Yaron da Ya Kai Ɗari Bai San Biyar Ba

Duk wanda ya ratsa lungunan Fagge ko titunan Sabon Gari da hantsi a 'yan shekarun nan ya san wannan amo. Da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga gidan da aka mayar makarantar nazare ba, an shafe katangarsa da fenti, kuma ta taga kake jiyo muryoyin 'yan shekara uku zuwa biyar suna rera wan, tu, tiri, har su dangana da ɗari, anti tana buga tebur da rula tana ba su kiɗa. Da yamma uwa ta ɗauki waya ta naɗi ɗanta yana maimaitawa, ta tura wa dangi, kowa ya ce tubarkalla, yaro ya iya lissafi. Ni kuwa na daɗe a kan magana ɗaya, kuma tsufa bai sa na sauka daga kanta ba: mafi yawan yaran nan waƙa aka koya musu, ba a koya musu ƙidaya ba. A zuba wa ɗayansu dabino a faranti a ce ya miƙo biyar, sai ya cika tafinsa ya miƙo, ko ya tsaya yana duban fuskar mai tambaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda wannan ke faruwa, wato a gefen Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano, a unguwannin da ƙidaya ta gina, inda mutanen da ba su taɓa riƙe fensir ba suka lissafa dukiya mai tarin yawa ba tare da buhu ɗaya ya ɓace musu ba.

Ƙidaya aiki ne na hannu da ido da baki a lokaci guda, kuma wanda ya zauna ya lura da ƙaramin yaro zai ga wahalarta. Ka jera masa marafan kwalba shida. Yatsansa zai taɓa na farko ya ce ɗaya, ya taɓa na biyu ya ce biyu, daga nan baki ya fi yatsa sauri, ya ce uku, huɗu a kan marfi guda, ya tsallake na gaba, ya dawo ya sake taɓa wanda ya riga ya ƙirga. In ya gama ka ce to, guda nawa ne? Sai ya koma farko ya sake rerowa, domin a wurinsa ma'anar tambayar ke nan. Masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace wannan tun 1978. Kafin a ce yaro ya iya ƙidaya, dole kowane abu ya sami kalma ɗaya tak, dole kalmomin su zo a jeri ɗaya kullum, dole ya gane cewa kalmar da ya tsaya a kanta ita ce yawan abin gaba ɗaya. Sannan ya san ana ƙirga komai, akuya ko tafi ko kwana, kuma ko ta dama aka fara ko ta hagu adadin ba ya canzawa. Cikin sharuɗɗan nan biyar, rerawa guda ɗaya kawai take koyarwa, wato jerin kalmomi. Sauran huɗun ba sa shiga ta kunne.

Ba sa kuma shiga da gaggawa. Wata masaniya, Karen Wynn, ta bi ƙananan yara wata da watanni a farkon shekarun 1990 da gwaji mai sauƙi: a tara kayan wasa gaban yaro a ce ba ni ɗaya, ba ni biyu, ba ni biyar. Yaro yakan fara sanin ɗaya, duk abin da ya wuce haka sai ya damƙo ya bayar. Sai bayan watanni ya san biyu, bayan wasu watannin ya san uku, daga nan ne yake gane yadda ƙidaya ke aiki. Tsakanin ranar da ya fara rera lambobi da ranar da ya san ma'anarsu akan ɗauki kimanin shekara guda. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, haka Allah ya tsara buɗewar hankalin ɗan Adam. To makarantar da ta kai ɗan shekara uku har ɗari a zango guda, me ta yi masa? Ta mayar da shi kamar wanda ya haddace tashoshi daga Kano zuwa Legas, Zariya, Kaduna, Minna, Jebba, Ilori, Ibadan, bai ko taɓa leƙa cikin tarago ba.

Kakanninmu sana'a ce ta tilasta musu sanin wannan. Kafin zuwan Turawa kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, kuma a warwatse yake, sai an zauna an ƙirga. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ne daidai da dalar azurfa guda, kuma ya ba da labarin wahalar ƙirga wuri 500,000 a Tasawa. Ana jan su biyar-biyar da yatsu, a tara kashi-kashi, har a cika keso da dubu ashirin. Dubi abin da ke cikin wannan hannu: kowane wuri an taɓa shi sau ɗaya, an ɗaure ƙanana sun zama kashi, an koma ana ƙirga kashin. Wannan shi ne ainihin abin da malamin firamare ke fama ya fahimtar da yara idan ya zo kan gidan ɗaiɗai da gidan goma da gidan ɗari. Yaron da ya taso a Kasuwar Kurmi ko a zangon fatake na Fagge yana gefen tabarma yana kallon yatsun ubangidansa, a ba shi ɗan kashi ya gwada, in ya yi kuskure a sa ya sake. Ba wanda ya fara masa da dubu.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suke hange domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata tun daga kakar 1912. Daga nan tashar ta zama babbar makarantar ƙidaya. Sabon Gari, da aka kafa a 1913, ya cika da akawuna da ma'aikatan reluwe daga kudu, Fagge ta cika da dillalai da 'yan dako. A auna gyaɗa a sikeli, a ɗinke buhu, a ƙirga shi a kan ɗan dako, a sake ƙirga shi a bakin tarago, in taragu suka yi ƙaranci a jibge buhuna dala-dala, har ana cewa dala guda takan ci buhu 15,000. A wannan fage Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya haɓaka arzikinsa. Kuɗin zamanin ma shi kansa malami ne: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule ashirin fam. Yaron da aka aika da sisi ya sayo ƙosan taro ya san abin da zai dawo da shi, don in bai sani ba zai yi bayani a gida.

Ba ina cewa a dawo da wuri ko anini ba. Ina cewa a lura da abin da ya fita daga hannun yara ba a maye gurbinsa ba. Naira ta zo a 1973 ta sauƙaƙa lissafi, amma sannu a hankali sulalla suka ɓace, yau ɗan shekara biyar a Kano da wuya in ya taɓa riƙe su. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 har mai kayan miya ya koyi karɓar tiransifa, mai shago yana danna kalkuleta don ya haɗa ɗari biyu da ɗari uku, a kasuwar 'yan canji ta Wapa na'ura ce ke ƙirga kuɗi. Gida ya daina koyar da ƙidaya ba da saninsa ba, ya miƙa wa makaranta, ita kuma ta ɗauko mafi munin abin da ta gada. Nan ne nauyin tsararmu yake, mu da muka ga zamani biyu. Mun san yadda aka riƙa cusa biyu sau biyu huɗu da bulala, ana rerawa ana hawaye. Mun ga yadda azuzuwa suka cika suka batse bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, malami ya rasa yadda zai yi da yara sai ya sa su amshi. Mun san sarai cewa amshi dabara ce ta malamin da aka fi ƙarfinsa. Duk da haka aka bari ta zama ita ce ilimin, aka sauko da ita har kan 'yan shekara uku, kuma ana biyan kuɗi a yi musu.

Sai maganar harshe, wadda ba a son a taɓo. Yaron Fagge yana zuwa makaranta da ɗaya, biyu, uku a bakinsa. Ya san an ce ɗauko cokali biyu, ya san ƙosai uku aka ba yayansa shi aka ba shi biyu, har ya yi kuka a kai. Wannan jari ne, amma ranar farko sai a ce ya ajiye shi a bakin ƙofa ya ɗauki kalmomin da ba su haɗu da komai a rayuwarsa ba. Ga shi kuwa ƙidayar Hausa tana da falala: goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta ke gaya wa yaro cewa goma ce aka yi wa ƙari. Ilabin da tuwel na Turanci ba su nuna masa goma ko kaɗan. A 1995 wani masani, Kevin Miller, da abokan aikinsa sun gwada yaran Sin da na Amurka, aka ga zuwa goma kafaɗa da kafaɗa suke, daga sha ɗaya kuwa yaran Sin, waɗanda harshensu ke cewa goma-ɗaya, goma-biyu, suka wuce. Namu ma yana da nasa tudun, domin ashirin da talatin da arba'in aro ne daga Larabci, ba sa faɗin goma nawa ke cikinsu. Amma tsohuwar Hausa tana da gomiya biyu da gomiya uku, kuma malamar da ta ɗaure tsinken tsintsiya goma-goma ta ajiye ɗauri biyu gaban yaro ta gama bayanin ashirin. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, ya nuna ba su yi baya a lissafi ba, ba su yi baya a Turancin kansa ba. Duk da haka a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022. Ina ganin kuskure ne, kuma ƙananan yara ne za su biya.

Za a ce mini, Malam, ka manta da Sabon Gari kake magana. Aji guda akwai ɗan Ibo, ɗan Yarabawa, Banufe da Bahaushe, da harshen uwar wa za a koyar? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta, kuma iyayen da ke son Turanci ba wawaye ba ne, sun san da shi ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aiki. Abin da nake yaƙi da shi rerawa ce babu taɓawa, ko da Hausa aka rera. In Turanci ne ya haɗa ajin, a ƙirga da Turanci, amma a ƙirga wani abu. Bayan haka, ɗan shekara huɗu a gidan haya na Sabon Gari ya riga ya saba da harshe biyu ko uku a tsakar gida. A bar kowane yaro ya ƙirga marafan nan da harshen gidansu, saura su saurara, sannan a haɗu a faɗa da Turanci. Yaron zai ga suna ya canza sau huɗu, marafai suna nan yadda suke, kuma wannan darasi ne mai zurfi wanda aji mai harshe ɗaya ba ya samu da sauƙi. A Fagge kuwa, a ajin da yara kusan duka Hausa suke ji har da malamar, babu wani uzuri.

Dabarar da na fi so kowace malamar nazare a wannan yanki ta sani tana kwance a bayan katangarsu. Layin dogo miƙaƙƙe ne, tashoshinsa a jere, kuma wannan ita ce siffar lambobi da ake so ta zauna a kan yaro. A ja layi biyu a tsakar makaranta da gawayi ko toka, a raba gida goma daidai wa daida, a rubuta 1 zuwa 10 manya-manya, kowane gida tasha. Yaro shi ne jirgi. A jefa marfin kwalba, in ya faɗi a kife taku ɗaya, in ya faɗi a buɗe taku biyu. Sharaɗin da ba a wasa da shi ɗaya ne: yaron da ke tasha ta uku aka ce ya yi taku biyu ba zai ce ɗaya, biyu ba, zai kira tashoshin da yake takawa, huɗu, biyar. Da ƙafarsa yake jin cewa takwas ta fi uku nisa, kuma bakwai maƙwabciyar takwas ce. Wasu masana biyu, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun gwada irin wannan wasa a kan kwali da 'ya'yan talakawa a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008. Zama huɗu ne kacal cikin mako biyu, kowanne minti goma sha biyar zuwa ashirin. Yaran suka fi takwarorinsu da suka yi wasan da launuka a maimakon lambobi, wajen ƙidaya, da gane lamba a rubuce, da faɗin wadda ta fi girma, kuma bayan mako tara ribar tana nan. Da aka sake gwadawa da allo mai da'ira irin fuskar agogo, bai yi amfanin miƙaƙƙen ba. Daga nan sai a faɗaɗa. Yara su riƙe kafaɗun juna, kowa tarago, a tambaya wane ne na uku, a cire biyu a Zariya a ce saura nawa. A yanka tikitin kwali mai ɗigo huɗu, fasinja ya nemi kujerar da aka rubuta 4. Jirgin kansa ya yi wuyar gani a shekarun nan, ko da yake an ƙaddamar da aikin sabon layin Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna zuwa Kano a 2021. Duk da haka taragu suna nan tsaye a tasha, kuma makarantar da ta nemi izinin hukumar reluwe ta kai yara su ƙirga su daga kan dandamali ta ba su darasin da ba za su manta ba, muddin ba a bar ɗa ko ɗaya ya taka dogo ba.

Sauran dabarun ba sai na tsawaita ba, kowace tsohuwa a gida ta san su. 'Yar carafke ƙidaya ce ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku. 'Yar gala-gala gidaje ne a jere da ake tsallakawa. Dara ta yi wa ɗan nazare girma, amma raba wa kowa 'ya'yanta goma sha biyu bai fi ƙarfin ɗan shekara biyar ba. Takalman da ake tarawa a ƙofar aji a sa shi ya haɗa su ƙafa bibbiyu, rabon fensir a ba shi ya yi, ya dawo ya faɗi mutum nawa suka rasa. A kasa tsakuwa kashi-kashi yadda ake kasa tumatir a 'Yankura, a saya da marafai. Sai dai 'ya'yan tsamiya da wake ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, suna kai su baki da hanci, su a ba su ƙwallon goruba ko na mangwaro.

Akwai masu cewa, cikinsu har da malaman da nake girmamawa, ai hadda gadonmu ce. Da ita aka riƙe Alƙur'ani izu sittin a ƙirjin yara, yaro ya haddace abin da bai fahimta ba, fahimta ta biyo baya. Gaskiya ne, zan ma ƙara da cewa jerin lambobi dole a haddace shi, babu hikimar da za ta gaya wa yaro bayan shida bakwai ce sai ya ji ya maimaita. Don haka a rera, a yi tafi, a yi tsalle, ban hana ba. Amma a dubi makarantar allo da kyau kafin a kafa hujja da ita. Malamin allo ba ya ƙara wa ƙolo karatu bai biya na jiya ba. Yaro yana bin baƙi da yatsa, babbaƙu kafin farfaru, ba a wanke allo sai ya iya, kuma kowa da inda ya tsaya. Nazaren yau ta ɗauki amon makarantar allo ta bar haƙurinta. Sannan aya tana nan yadda take, za ta jira yaro har ya girma ya gane ta. Lissafi kuwa hawa-hawa ne, wanda bai san biyar ba, tarawa da ɗebewar da za a ɗora masa a aji ɗaya ba su da wurin zama. Daga nan ake samun babban mutum da zai ce maka shi da ma lissafi ba ya shiga kansa, har a ji ana cewa ba na mutanenmu ba ne, alhali Bakatsine, Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar littafi a kan hatimin lambobi da har yau masana tarihin lissafi ke ambato.

Ta ɗaya gefen akwai waɗanda suka ji an ce wasa sai suka ɗauka an gama, a zuba wa yara kaya a koma gefe. Su ma ina da ja da su. A Delhi ta Indiya, Esther Duflo da Elizabeth Spelke da abokan aikinsu sun gwada wasannin lissafi na wata huɗu da yara sama da 1,500 a makarantun nazare sama da 200, suka wallafa a 2017. Wasannin sun kaifafa idon yaran wajen gane wane tari ya fi yawa, kuma kaifin ya daɗe, amma da suka shiga firamare ba su fi saura ba a lissafin da ake rubutawa da lambobi. A Recife ta Barazil kuma, a 1985 an ba da rahoton wasu yara biyar masu talla da suka ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin ciniki a bakin titi, aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda suka ci kashi 37. Kowa ya san irinsu a nan. Yarinyar da ke tallan gyaɗa a bakin tasha ba a cutar ta a canji, amma a nuna mata 250 a rubuce ta yi shiru. Wannan ba hujjar talla ba ce, wurin yarinyar nan aji ne. Abin da yake nunawa shi ne hannu shi kaɗai ma bai isa ba. Duk lokacin da yaro ya ƙirga marafai huɗu, a sa ya faɗi huɗu, a nuna masa 4 a rubuce, ya zana ta da yatsa a yashi, ya nemo ta a kan layin nan na tsakar makaranta.

Hujjar da ta fi kowacce ƙarfi ta malamar ce. Za ta ce, Baba, yara sittin ne a gabana, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, mai makaranta yana so ya ga an cika littafi, ina zan sami lokacin bin kowane yaro da marfin kwalba? Tana da gaskiya, kuma ba ita nake tuhuma ba. Da yawa daga cikinsu sakandare kawai suka gama, ba wanda ya horar da su, alhali a takarda shaidar NCE ita ce mafi ƙarancin abin da ake koyarwa da shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara, Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk an rubuta, sai dai yatsan yaro bai ji labari ba tukuna. Amma ko aji sittin ana iya raba shi gungu shida, waɗanda suka fara ganewa su riƙe ƙanana yadda gardi ke riƙe ƙolo, malama ta zauna da gungu ɗaya minti goma sha biyar a rana. Marafai kyauta ne a kowane shagon lemo, kwali yana jibge a Kantin Kwari da Singa. Mai makarantar da ke iya ɗinka wa 'yan shekara huɗu rigar bikin yaye ɗalibai ba shi da bakin cewa babu kuɗin kayan koyarwa. Kwalejojin horar da malamai irin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso su koya wa ɗalibansu zama a tabarma su kalli hannun yaro. Jami'in da ke zuwa duba makaranta kuma ya rage zama a ofishin hedimasta yana duba rajista, ya zo da marafai a aljihu, ya shiga aji ya gwada yara uku da hannunsa.

Iyaye su ne na fi jin haushinsu, kuma su na fi sa wa rai. Ana ba ɗan shekara uku aikin gida ya rubuta 1 zuwa 50, yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba. Da dare yayarsa ce ke rubutawa da hasken waya, ko uwa ta danne hannunsa tana ja yana kuka. Da safe a sa masa maki da jan biro, kowa ya san ba shi ya yi ba. Abin da ya fara koya a lissafi ke nan, tsoro da ha'inci. Uban da ke yini a Kwari yana auna yadi, ya san turmi yadi shida ne, ya san abin da ke cikin dila ba tare da ya kwance ta ba, ya fi kowa cancantar zama da ɗansa minti goma bayan magariba da 'yan marafai a tabarma. Uwar da ke raba abinci ta kira yaron ya ƙirga mutanen gidan, ya jera kwanuka daidai da su, in ya ɓata ta bar shi ya gano da kansa lokacin da wani ya rasa kwano. In kuma makaranta ta aiko da littafin nan na 1 zuwa 50, uba yana da ikon ya je ya ce ɗansa ba zai yi ba. Iyaye goma su faɗi haka a taron iyaye da malamai, mai makarantar da ke jiran kuɗin zango mai zuwa zai saurara.